Sadaka ce ko bara? Muhawara kan gudummawar ilimin matasa a takardar haraji

Uwar Matasa: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake, kuma idan ban amayar da abin ba zai ci gaba da cina. Ranar 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji, tana ƙaratowa, kowa a nan Amurka hankalinsa yana kan rarar harajin da za a maido masa. A takardar harajin jihar Kalifoniya akwai shafin da aka jera asusu iri-iri, na dabbobin da ke neman ƙarewa, na binciken cutar mantuwa, na binciken sankarar mama, wanda mutum zai rubuta dala ɗaya ko fiye a gaban wanda ya ga dama, a cire daga rararsa. An taɓa sa asusun shirin ƙungiyar matasa ta YMCA na koya wa matasa aikin gwamnati a wannan jeri, shirin da 'yan sakandare suke zuwa Sakaramento, babban birnin jihar, su zauna kamar 'yan majalisa, su rubuta ƙudurin doka, su kare shi a gaban tsaransu. Mai cika mini takarda bai taɓa nuna mini wannan shafi ba, tsallake shi yake yi kamar babu shi. Alhali a jarrabawar ƙasa ta 2022, kashi 22 cikin 100 ne kacal na 'yan aji takwas suka nuna ƙwarewa a sanin tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa. Ra'ayina shi ne kowace jiha mai karɓar harajin kuɗin shiga ta buɗe irin wannan asusu, kuma duk wanda aka maido wa rara ya kasa sadakar dala biyar domin 'ya'yanmu su san yadda ake mulkinsu, rowa ce kawai ke damunsa.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya huci zuciyarki. Manufarki mai kyau ce, amma kalmar sadaka da kika sa a nan ba wurinta ba ne. Kuɗin da ya shiga baitulmalin jiha, hukumar haraji ta cire kuɗin ɗawainiyarta daga ciki, sannan aka miƙa sauran ga wata ƙungiya, ni ban ga yadda zan kira shi sadaka ba, domin mai bayarwa bai san hannun da zai ƙare ba. Ki ce gudummawa, sai mu ci gaba da magana.

Uwar Matasa: Allah ya gafarta Malam, ashe sai mutum ya ga fuskar mai karɓa sannan kyautarsa take zama sadaka? Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ya san duk wanda zai sha ruwanta? Ilimin da yaro zai ɗauka ya amfani jama'a da shi tsawon rayuwarsa, ni a wurina sadaka ce, mai gudana ma kuwa.

Direban Dare: Da ke da Malam duk kun yi wa abin ado. Ba sadaka ba ce, ba gudummawa ba ce, bara ce gwamnati take yi. Ta cire haraji daga abin da na samu, ta cire a kan duk abin da na saya, mai gida yana biyan harajin gida wanda a ƙarshe ni ɗan haya nake biya, kuma da irin waɗannan kuɗaɗe ake tafiyar da makarantun gwamnati. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan yara sun gama makaranta ba su san bambancin majalisar dattawa da ta wakilai ba, a tambayi waɗanda suka karɓi kuɗin, kada a sake miƙo mini ƙoƙo a ƙasan takarda.

Akanta: Yaya, mabaraci yana tsayawa a gabanka ne har sai ka ji kunya, wannan kuwa layi ne a takarda, babu wanda zai san ka bari ko ka cika. Amma kafin a yi nisa ina so in kare abokan sana'ata, domin Hajiya ta shafa mana baƙin jini. Mai cika takarda aikinsa ya rage wa mutum abin da zai biya bisa doka, kuma mafi yawan masu zuwa wurinmu tambayarsu ɗaya ce: nawa za a maido mini? Wanda ya ce wa irin wannan mutumin ya rage rararsa, baɗi ba zai gan shi ba.

Dattijo: Ni dai na daɗe ina sa alama a akwatin dala uku da ke takardar harajin gwamnatin tarayya, kuma rarata ba ta taɓa raguwa ba. Saboda haka, ɗana, ban fahimci ragin da kake magana a kai ba. Idan sadakar nan ba ta cin kuɗin mutum, me ya hana kowa yi?

Akanta: Ranka ya daɗe, Baba, abubuwa biyu ne mabambanta. Akwatin da kake nufi na asusun yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ne, wanda dokar 1971 ta kafa da dala ɗaya, aka mayar da shi dala uku a 1993. Shi ba ya ƙara maka haraji, ba ya rage maka rara, umarni kawai kake bai wa gwamnati ta ware dala uku daga harajin da ka riga ka biya. Irin wanda Hajiya take magana kuwa daga aljihunka yake fita, kuma jihar Kolorado ce ta fara shi a 1977 domin kare namun daji, sauran jihohi suka kwaikwaya. Abin da ya kamata ya tsorata Hajiya shi ne tarihin akwatinka, Baba. A wajen 1980 kusan kashi 29 cikin 100 na masu biyan haraji suna sa masa alama, yanzu ba su kai kashi 5 ba, alhali ko sisi ba ya cin kowa. Idan mutane sun guji na banza, ina ga wanda zai taɓa musu aljihu?

Malamin Islamiyya: Madalla. Ashe abin da Baba yake yi shekara da shekaru yana zaton sadaka ce, umarni ne kawai. Wannan ya tabbatar da maganata cewa kalmar tana ruɗa mutane. Kuma na ji an ce wanda ya bayar ta wannan shafi yana iya lissafa abin da ya bayar cikin abubuwan da ake rage masa haraji da su a shekara mai zuwa. Wace irin sadaka ce ake dawowa neman ragi a kanta?

Dattijo: Malam, ban ce na ba da sadaka ba, na ce ina sa alama. Kada a sa mini magana a baki a gaban yara.

Ɗalibar Jami'a: Iyayena, ku yi mini izini in ce wani abu, domin na yi irin wannan shirin ina sakandare. Ranar da aka kira ni in kare ƙudurina, takardar hannuna rawa take yi, wani yaro daga ɗaya ɓangaren ya miƙe ya tambaye ni inda za a samo kuɗin aiwatar da abin da nake nema, na yi tsuru-tsuru, aka kayar da ƙudurin. A ranar na san mene ne kasafin kuɗi, abin da littafin aji bai iya sa mini a kai ba. Matsalar ita ce ana biyan kuɗin shiga da na tafiya da na masauki, kuma yaran da iyayensu ba su da hali su ne suke zama a gida. Amfanin asusun ke nan. Sai dai a Kalifoniya akasarin irin waɗannan asusu an gindaya musu sharaɗin tara dala 250,000 a shekara, wanda ya gaza a cire shi daga takarda, kuma shirin da zai ɗauki malami ko ya yi wa yaro alkawarin tallafi ba zai iya dogara da kuɗin da bana akwai, baɗi babu ba. Wannan nake so a tattauna.

Direban Dare: Ƙanwata, tun da kin ambaci shirin, a gaya mana gaskiya, YMCA ba ƙungiyar Kirista ba ce? Malam, kai da kake tsayawa kan kalma, ka tsaya kan wannan mana.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, asalinta haka ne, a Landan aka kafa ta a 1844, shirin matasan kuma a jihar Niyok ya fara a 1936. Amma ni da hijabina na zauna a zauren, babu wanda ya yi mini wa'azi, dokoki muka yi ta gardama a kansu.

Uwar Matasa: Ka ji ko, Direba? Ɗazu ka ce bara ce, yanzu ka koma addini, duk don kada dala biyar ta fita daga hannunka.

Direban Dare: Hajiya, ki janye wannan magana. Abin da nake bayarwa tsakanina da Mahaliccina ne, kuma ba sai na rubuta shi a takardar gwamnati ba sannan ki yarda ni ba marowaci ba ne. Tun farko ke kika fara kiran mutane da rowa, babu wanda ya tanka miki a kan hakan saboda girmanki.

Mazaunin Italiya: Ku yi haƙuri in shigo daga nesa. A nan Italiya tun 2006 mai biyan haraji yana zaɓar ƙungiyar da za a ba biyar cikin dubu na harajinsa, kuma a Hangari tun dokar 1996 kashi ɗaya cikin 100 ne. Babu wanda yake ƙara ko kwabo, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi sadaka ba.

Malamin Islamiyya: Na gode, ɗan uwa. Ga shaida daga Turai.

Akanta: Allah ya gafarta Malam, ba shaidarka ba ce. Tsarin Italiya ɗan uwan akwatin Baba ne, kuɗin gwamnati ake karkatarwa. Namu kuɗin mutum ne, da yardarsa, saboda haka ya fi kusa da abin da Hajiya ta kira shi.

Shugaban Zaure: Jama'a, a tsaya haka. Na karanta komai, ga abin da na fahimta. An amince cewa koyar da matasa tsarin mulki haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma alƙaluman da Akanta ya kawo sun nuna cewa irin waɗannan akwatuna mutuwa suke yi da kansu. 'Yarmu ɗaliba ma ta tabbatar da cewa ba abin dogaro ba ne. Jihar Ilinoi ta nuna hanya a 2015 da ta wajabta zangon karatu guda na ilimin zama ɗan ƙasa a sakandare, kuma wannan ya fi a bar makomar yara a hannun wanda ya ga dama. Batun kalma kuwa, kusan kowa ya yarda da Malam cewa ba sadaka ba ce. Hajiya, muna roƙo ki ba Direba haƙuri.

Ɗalibar Jami'a: Baba Shugaba, da girmanka, ban ce a soke asusun ba. Cewa na yi shi kaɗai ba zai riƙe shirin ba, kuma dokar Ilinoi darasin aji ta wajabta, ba ta biya wa ɗan talaka kuɗin mota zuwa majalisa ba.

Uwar Matasa: Ni ma ban ga inda aka ƙirga ƙuri'a a kan kalmar ba, Shugaba, domin Akanta yana bayana. Direba, ka yi haƙuri a kan maganar rowa. Sadakar kuwa ban janye ba.