An toshe min tiyon da ya haɗa kafireta da distiributa, wa ya taɓa ganin haka?

Mai tsohuwar 504:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan motata tana shan mai kamar an huda tanki, in na hau doguwar hanya kuma allurar zafi sai ta wuce rabi. An wanke kafireta sau biyu, an canza filogi, an wanke lagireto, shiru kake ji. Jiya na buɗe bonet na ga ɗan siririn tiyon nan da ke zuwa gwangwanin jikin distiributa an cusa masa ƙusa. Yaron da ya yi aikin ya ce wai ado ne. Wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan ya ba mu labari.

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, yaron nan ya cuce ka, amma a bisa rashin sani. Fetur da iska ba sa cinyewa nan take, wuta sai ta ɗauki ɗan lokaci kafin ta game silinda. Shi ya sa filogi ke ba da wuta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, don ƙarfin ya same shi daidai ya fara gangarowa. A silo, digiri 5 zuwa 10 na juyawar inji kafin ƙololuwa ya ishi yawancin injuna. In inji ya ɗauki gudu, wasu ƙarafa biyu masu sifirin a cikin distiributa suna buɗewa su ƙara tura wutar gaba, har jimilla ta kai wajen 30 zuwa 36. To su gudun inji kaɗai suka sani, ba ruwansu da nauyin da motar ke ja.

Gwangwanin shi ne ya san nauyi. Kana miƙaƙƙiyar hanya, ƙafarka ta ɗan taɓa totur, abin da ke shiga silinda kaɗan ne, kuma a hankali yake ci. A wannan lokacin zuƙar iska ta kafireta tana da ƙarfi, sai ta ja fatar da ke cikin gwangwanin, fatar ta juya farantin kontak, wato makunnin da ke sakin wutar filogi, a ƙara wasu digiri 10 zuwa 15. Da ka take totur a hawa, zuƙar ta faɗi, gwangwanin ya saki, wuta ta dawo baya don kada inji ya yi ƙara. In an toshe shi, wutarka a makare take duk tsawon tafiya, zafin da ya kamata ya tura fistin ya tafi salansa da ruwan lagireto.

Ina yaro maigidana ya koya min gwajinsa: cire murfin distiributa, tsotsi tiyon, ka toshe bakin da harshe. Faranti ya motsa ya tsaya, fata lafiya.

Direban doguwar hanya:
Baba ya faɗi gaskiya. Tawa ba a toshe ba, fatar ce ta huje. Na tsotsa na tsotsa, iska kawai nake sha da warin fetur, faranti ko gezau. Ashe ta wannan hujin ma iska ke shiga kafireta, shi ya sa da na ɗan taɓa totur motar ke fizga. Ranar da aka canza gwangwanin, allurar zafi ta sauko ta zauna inda na saba ganinta.

Mai akori-kura:
Ni kam da hannuna na toshe nawa, kuma ban yi nadama ba. In na ɗan taka a giya ta huɗu sai inji ya dinga ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ina toshewa ƙarar ta ɗauke.

Tsohon bakanike:
Ɗan'uwa, jaki ka bari kake dukan taiki. Na tabbata da kunne aka saita maka tayimin, wato lokacin ba da wuta. Mai saiti da kunne juya distiributa yake har silo ya yi daɗi, kuma kusan kullum wuta ta wuce gaba ke nan. Gwangwani ya ɗora nasa a kai, dole ta yi ƙara. A fara da tazarar kontak, wajen milimita 0.4 a yawancinsu, domin tazarar in ta canza tayimin ma ya canza. Sannan a cire tiyon a toshe shi na ɗan lokaci, a maƙala fitilar tayimin a wayar filogi na ɗaya, a haska alamar fuli, a saita yadda littafin motar ya ce. Sai a mayar da tiyo.

Mai Beetle:
An taɓa sa min distiributa marar gwangwani gaba ɗaya. A guje lafiya lau, amma duk sanda zan tashi daga tsaye sai ta yi kamar za ta mutu kafin ta ɗauka. Na yi ta zargin kafireta har na gaji, sai da na mayar da mai gwangwani matsalar ta wuce.

Ɗan koyo:
Oga, ni kuskurena rami ne. Kafiretar tana da bakin tiyo biyu. Na sama da malam-buɗe-littafin totur, wato marfin da ke buɗe hanyar iska, ba ya zuƙa a silo, sai an taka. Na ƙasa kullum cikin zuƙa yake. Na jona a na ƙasa, silo ya haura sama, na yi ta murɗa sukurun silo har maigida ya zo ya zare tiyon ya mayar sama bai ce min uffan ba.

Mai tsohuwar 504:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na zare ƙusar, tiyon ma ya tsattsage, na sa sabo. Na tsotsa, faranti ya motsa ya tsaya. Sai dai da na murɗa rota da hannu na saki, bai koma wurinsa ba. Baba, ƙarafan nan ne suka yi tsatsa ko sifirin ne ya tsinke?

Tsohon bakanike:
Sai an ɗaga farantin za a gani. Amma kafin nan cire rotar, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kan ɗan audugan da ke tsakiyar sandar, ka bari ya kwana.