Snapshot da Hausa: hoto, ajiya ko zango?

Jama'a, ga wata kalma da ta ƙi zama a bakinmu: snapshot. Ina nufin ta kwamfutar goyo, wato kwamfutar nan da manhaja irin su VirtualBox, VMware ko Hyper-V ke kunnawa a cikin kwamfuta ta zahiri. Masu koyar da yara a cibiyoyin kwamfuta na nan Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, kowa da abin da yake kiranta. Wasu su ce "sinafshot", wasu "hoto", wasu kuma "ajiya". Na ukun nan ne ya sa na buɗe zaren nan, don yana jawo wa mutane asara.

Kafin raɗin suna, mu ga jaririn. Amfaninsa shi ne a iya mayar da kwamfutar goyo yadda take a wani lokaci da ya wuce. Da ka danna maɓallin snapshot, manhajar za ta daina rubutu a kan faifan kwamfutar goyon, ta bar shi yadda ta same shi. Sai ta buɗe wani ƙaramin fayil, duk abin da aka rubuta daga wannan lokaci can zai sauka. A VMware sunansa na ƙarewa da 000001.vmdk, a Hyper-V da .avhdx, VirtualBox kuwa tana zuba nata a jakar Snapshots da wani dogon suna na lambobi da haruffa. Na farkon uwa, na biyun ɗiya. In kwamfutar na neman abu, ɗiya take fara dubawa, in babu ta gangara wurin uwa. Ka sake dannawa, ɗiyar ma ta zama uwar wata.

To, "hoto" ya faɗi tun nan. Hoto shi kaɗai yake tsayawa, ka sa shi aljihu ka tafi da shi Funtuwa. Fayil ɗin da mutane ke nunawa su ce ga hoton, babu komai na lokacin ɗaukar a cikinsa, abin da ya biyo baya ne kawai. Lokacin da ake son adanawa yana jikin uwa. Ga shi kuma mun riga mun ba hoton allo wannan suna.

Wani ɗan'uwa mai gyaran kwamfuta ya rubuto: "Yaya, ni ajiya nake ce wa yarana, kuma suna ganewa."

Ƙanena, suna ganewa, amma baibai. Wanda aka ce mashi ya yi ajiya, hankalinsa ya kwanta ke nan. An taɓa kawo mani filashi daga wata makaranta da faifan kwamfutarta ya mutu da sakamakon ɗalibai a ciki. Mai kula da ita duk ƙarshen mako yana kwafe fayil ɗin ɗiya shi kaɗai, don ya fi ƙanƙanta, ya sa a durowa. Uwar ta tafi da faifan. Abin da ke hannunsa gutsattsarin canje-canje ne marasa kai da gindi, 'yan tsirarun takardu muka iya tsintowa. Kalmar ajiya a bar wa cikakken kwafi da aka kai wani faifan dabam. Su kansu VMware sun gargaɗi mutane kada su ɗauki snapshot a matsayin wannan. Sun ce sarƙar uwa da ɗiya na iya kaiwa snapshot 32 amma a tsaya a 2 ko 3, kuma kada guda ya wuce awa 72, don ɗiya kullum girma take, har tana iya kamo girman uwa ta cike wurin.

Microsoft ma sunan bai yi masu ba, tun Windows Server 2012 R2 suka koma cewa checkpoint. Wata 'yar'uwa ta ce to mu fassara wannan, mu ce "shinge". Hajiya, duk wanda ya saba bin hanyar Jibiya ba zai so a ƙara mashi shinge a cikin kwamfuta ba. An kawo "makoma", sai na ji kamar wa'azin Juma'a. "Daskararre" ya kama rabin gaskiya, uwa ta daskare, amma bakin ɗalibi zai gaji.

Ni zango na zaɓa.

Fatake ba sa kiran zango gida, ba kuma sa barin dukiya a can su ce sun adana. Wuri ne a kan hanya da aka sauka, aka san shi, ana iya komowa. Ba ka isa na uku sai ta na biyu, in hanya ta yanke a tsakiya na gaba ba su da amfani. Ga shi kuma ya zo da aikatau nasa, ba sai mun ƙera ba: a yada zango, a koma zango.

Mu gwada shi a bakin aiki, ranar da abu ya lalace ana neman ceto bayanai.

Kada ka kunna kwamfutar goyon, kada ka taɓa komai, sai ka kwafe jakar gaba ɗaya, uwa da ɗiyanta, zuwa wani faifan. A kan kwafin za ka yi aiki. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki uwa ita kaɗai a kunna don a leƙa. A VMware kowane faifai na da lamba mai suna CID, ɗiya kuma na riƙe da ta uwarta a layin parentCID cikin bayanin kanta. Ka kunna uwa, lambarta ta canza, ɗiya ta daina gane ta. Ana iya gyara lambar da hannu, amma abin da aka rubuta a jikin uwa ya riga ya rubutu, wasu fayiloli na iya fitowa a gurguje.

In sarƙar lafiya lau take, nemo ɗiyar ƙarshe ka ce a haɗa ta da iyayenta a fitar da sabon faifai guda: umarnin vmkfstools -i a ESXi (manhajar VMware ta manyan kwamfutoci), VBoxManage clonemedium a VirtualBox, qemu-img convert ga masu faifan qcow2 na manhajar QEMU. Ka jona sabon a wata kwamfutar a yanayin karatu kawai, ka kwashi abinka. In kuwa takardar da aka goge jiya kake nema, wadda ke nan a zangon shekaranjiya, kada ka koma zango. Komawa na zubar da duk abin da aka yi bayansa, sai fa in ka yada wani kafin ka juya. Fitar da faifai daga wancan matakin, ka ɗauki takardarka, aikin yau bai san an yi ba.

Akwai wurin da Hausar ta fi Turancin gaskiya. Maɓallin Delete na zango ba ya goge aikinka, haɗe ɗiya da uwa yake yi, abin da ka rasa kawai damar komawa. Shi ya sa nake so mu ce "haɗe zango". Mutane na jin tsoron "goge" su bar zanguna su taru wata da watanni, wasu kuma su shiga jaka su goge fayil ɗin da hannu, wanda shi ne gogewar gaske. Haɗewar na buƙatar sarari a faifai da wuta tsayayya, kada a fara ta janareta na tari.

Wani malamin Hausa daga Daura ya ja kunnena, ya ce zango ya riga ya yi nauyi: ga zangon karatu, ga Zango ƙaramar hukuma a maƙwabtansu. Allah ya gafarta Malam, na karɓa. A rubuce, karon farko mu ce "zangon faifai", daga nan zango kawai ya isa, kamar yadda linzami bai rikita mai doki da mai kwamfuta ba.

Saura guda, Malam, kuma taka ce. In aka yada zango kwamfutar na kunne, ana iya haɗawa da abin da ke ƙwaƙwalwarta, fayil ɗin .sav a VirtualBox ko .vmem a VMware Workstation, ta yadda in an koma za a tarar da tagogin a buɗe. Yarana sun fara cewa "zango mai ɗumi", wanda aka yada kwamfutar na kashe kuma "mai sanyi". Ya zauna a kunnenka, ko a sake lale?