Neman shawara: Ina garin masu duwatsun ado a Jamhuriyar Cek, me zan saya in koma da shi Jos?

Maman 'Yan Biyu:

Barkanmu da warhaka iyayena da yayyena. Shawara nake nema, kuma lokaci ya kusa ƙure mini.

Shekara huɗu ke nan ina yin kayan ratayawa na Kirsimeti da duwatsu da waya: taurari, ƙararrawa, 'yan mala'iku. Idan azumi ya ƙarato kuma in yi wa maƙwabtana da kwastomomina Musulmi jinjirin wata da fitila. Duwatsun a kasuwar Terminus ta Jos nake saya, wasu a aiko mini daga Legas. To yanzu ga ni a Liberec, na zo wajen maigida da ke karatu a jami'ar fasaha ta garin, zan koma gida 20 ga Nuwamba. Sai da na zo ya ce mini ai yankin nan shi ne gidan duwatsun gilashi.

Jiya na shiga wani shago na fito kaina yana juyawa. Kowace leda da lambarta, 11/0, 8/0, 6/0, ban san me suke nufi ba, mai shagon kuma ba ta jin Turanci sosai. Na ga wasu duwatsu masu ƙyalli kamar madubi, marasa nauyi kamar ɓawon ƙwai. Na sayi tauraro biyu da aka yi da su, kafin in isa gida ɗaya ya murƙushe a jakata, na kusa kuka.

Yuro 300 ne a hannuna. Akwatina kilo 23 ne, in na matse kayana zan samu sararin kilo 8. A gida kuma akwai odar taurari 60 da na yi alkawarin bayarwa kafin 15 ga Disamba. Ina zan je, me zan saya, yaya zan ɗauko su ba su fashe ba?

Antin Prague:

Ƙanwata sannu da zuwa ƙasar sanyi. Shekarata tara a nan, kuma duk wadda ta zo daga gida tana sana'ar hannu can nake tura ta. Ke ma ai kin kwana a bakin rijiya. Jablonec nad Nisou tana maƙwabtaka da ku, taragon cikin gari ko jirgin ƙasa zai kai ki, bai kai awa ɗaya ba. Garin ya fi shekara 150 yana aika duwatsu Indiya da Afirka da Amurka. Shi kansa Daniel Swarovski a wani ƙauye kusa da nan aka haife shi a 1862, daga baya ya koma Ostiriya ya kafa kamfaninsa a 1895.

Kada ki fara da shago. Fara da gidan tarihin gilashi da kayan ado na garin, akwai sashe guda na kayan bishiyar Kirsimeti zalla. Ki je da waya cike da caji, domin fasalin da za ki gani a wurin ya fi duwatsun da za ki saya amfani. Ban da ranar Litinin, yawancin gidajen tarihinsu a rufe suke ranar. Daga nan ki nemi Palace Plus, babban kanti ne da ya tara kayan masu sana'a da yawa, da kuma shagon G&B Beads. Ƙananan shaguna kan rufe da tsakar ranar Asabar, Lahadi kuwa kada ki wahalar da ƙafarki.

Ki rubuta waɗannan kalmomin a takarda ki riƙa nuna musu. Korálky shi ne duwatsu gaba ɗaya. Rokajl su ne 'yan mitsi-mitsin nan da muke jerawa a jigida. Ohňovky masu kusurwa ne da aka sassaƙa aka sake gogewa da wuta, su ne ke walƙiya in fitila ta haska su. Drátek kuma siririyar waya.

Lambar da ta ruɗe ki: duk yadda lamba ta ƙara girma, dutsen ƙara ƙanƙancewa yake. 11/0 kamar milimita 2 ne, 8/0 kamar 3, 6/0 kamar 4. Giram ɗaya na 11/0 yana ɗauke da ƙwaya wajen 100. Yawancin rokajl ɗin da za ki gani na Preciosa Ornela ne, a ƙauyen Zásada ake yin su, nan kusa da ku.

Wanda ya fashe miki kuwa labarinsa daban. Foukané perle suke ce masa, wato hurarren dutse. Ana ɗora bututun gilashi a wuta, a sa shi cikin mazubin tagulla, a hura, sai ya fito jere kamar carbi. Sannan a zuba ruwan azurfa a cikinsa, a yi masa launi ta waje, a yanka ɗaya-ɗaya, a jera a waya. Ciki fanko ne, shi ya sa ba ya jure matsi. Ƙauyen Poniklá da ke cikin tsaunukan Krkonoše ne kaɗai ya riƙe wannan sana'a, kamfanin Rautis ke gudanar da ita, yawancin masu aikin a gidajensu suke yi. A Disambar 2020 UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Daga Liberec kamar awa ɗaya ce a mota. Suna zagayawa da baƙi, amma ki nemi gurbi tun da wuri, dab da Kirsimeti wurin cika yake.

Hajiya Mai Jigida:

'Yata, Antinki ta gaya miki inda za ki je, ni bari in gaya miki inda kuɗinki zai tafi in ba ki yi hankali ba. Shekara 20 ina jera duwatsu a Kano, kuma na taɓa zuwa Istanbul da kuɗin da ya fi naki na dawo da rabin akwati na abin da ke jibge a Sabon Gari. Ido ne ya cuce ni.

Fari, baƙi, ruwan zinare na cike gurbi, duk kada ki ɗauko. Na Sin suna nan a gida da araha, kuma a bayan tauraro ko wajen maratayi babu mai duba su. Ki sayi abin da na Sin suka kasa: ja mai zurfi, kore irin na kwalba, shuɗi mai duhu, da masu kusurwar nan milimita 4 da 6. Bambancin na Cek shi ne girmansu kusan ɗaya ne, raminsu a buɗe, ba za ki zauna kina tsince gurgu da makaho kamar mai tsintar shinkafa ba. Tauraro in ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo ko yaro zai gani.

Sai maganar launi. Akwai wanda launin yana cikin gilashin, akwai wanda shafa masa aka yi. Na shafe yana da kyau a shago, bayan damina biyu a Jos za ki ga ya koɗe. Ruwan hoda mai kauri da shunayya mai ƙyalli su na fi zargi. Sayi ƙaramar leda tukuna, ki jiƙa auduga da ruwan goge farce ki murza. In audugar ta ɗauki launi, ki bar shi. Masu azurfa a cikin rami kuma ki adana su a leda mai zif, danshi yana sa su dushe.

Kuma duk launin da kika zaɓa ki saye shi isasshe a tashi ɗaya. Jan bana da jan baɗi ba sa zama ɗaya ko da lambarsu ɗaya.

Amaryar Tudun Wada:

Maman 'Yan Biyu ni dai a taho mini da na jigida ko rabin kilo ne, ja da ruwan zinare. Ba na jin duk wannan lissafin da ake yi.

Hajiya Mai Jigida:

Amarya, kilo 8 gare ta, ke kaɗai kin cinye rabin kilo. In kowa ta ce haka da zanenta kaɗai za ta koma.

Yaya daga Kumasi:

Ni ra'ayina ya saɓa. Yuro 300 a naira ba ƙaramin jari ba ne. Kwastoman da ke sayen tauraro zai ƙara miki kuɗi don kin ce dutsen daga Turai yake? A nan Gana mutanen Krobo suna daka kwalba su zuba a mazubi su gasa, kowace Alhamis kasuwar duwatsu ke ci a Koforidua, Turawan ma nan suke zuwa saye. Ku a can kuna da Masaga, masu sana'ar gilashi a Bida. Ni da na yi ƙararrawa da na Krobo bara, har daga Accra aka riƙa nema. Abin dariya ma, cikin tsofaffin duwatsun da ake sayarwa da tsada a kasuwanninmu akwai waɗanda asalinsu daga yankin da kike ɗin ne, tun zamanin kakanni aka kawo su. Ki kashe 100, ki riƙe 200.

Hajiya Mai Jigida:

Yaya, na Krobo da na Bida suna da kyau, amma nauyi gare su, kuma ba sa mayar da haske. Reshen bishiyar roba ba zai ɗauki tauraro mai nauyin awarwaro ba. Kowanne da muhallinsa. Araha ba ta ado, amma na yarda da ke a abu ɗaya: kada ta kashe duka. Ki auna tauraro ɗaya a sikelin kicin, 'yata, ki ga giram nawa yake ci, daga nan lissafi zai fito da kansa.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai. Hajiya na auna wanda na zo da shi a matsayin samfur: ƙananan duwatsu giram 6, manya ƙwaya 12. Ke nan rabin kilo zai ba ni taurari 80 da 'yan kai. Ashe ba ma sai na cika kilo 8 ba! Amma Anti, zuciyata tana kan hurarrun nan. Ba za a iya kai su gida ba ko kaɗan?

Antin Prague:

Za a iya, ai har Amurka da Japan ake kai su. Kada dai ki sayi haɗaɗɗu da yawa, su ne ke cin wuri kuma su ne ke karyewa. A Poniklá ana sayar da fakiti na haɗa-da-kanki, duwatsu da waya da zanen yadda ake yi. Ɗauki kala uku ko huɗu ki koyi ɗaurinsu. Za ki lura ba sa cika tauraro da duwatsu, dogaye kaɗan ne da 'yan zagaye, sauran duk iska ce, kuma waya ɗaya ce ke zagayawa ta dawo inda ta fara. Wannan dabarar za ki iya yin ta da dogayen duwatsun da ake samu a gida. In kina jera hurarru kada ki ja waya da ƙarfi, bakin ramin ne ke fara tsagewa. Ki sa ƙaramin rokajl a kowane baki ya zama matashi.

Gaskiya ni ba zan ba ki shawarar ki yi odar mutane da su ba. Gidan da ke da yara, kwana biyu ba za su yi ba, kuma ke za a zaga.

Malam Ɗan Brno:

Gafara dai iyaye mata, na shigo zancen da ba nawa ba. Ni ɗalibi ne, amma sau uku ina yi wa yayata dakon irin wannan kaya, na san wahalarsa.

Kuɗinsu koruna ne, ba yuro ba. Ki biya da kati ko ki canza a wurin da aka rubuta farashi ƙarara, in na'ura ta tambaye ki ki zaɓi a cire da koruna. Harajin kaya a nan kashi 21 ne cikin ɗari, kuma tunda ke baƙuwa ce ba mazauniya ba, kina iya karɓo wani ɓangare in sayayyarki ta haura koruna 2,000 a shago ɗaya rana ɗaya. Don haka gara ki tattara sayayyar wuri guda. Ki je da fasfo, ki tambaya kafin ki biya, don ba kowane shago ke bayar da takardar ba. A filin jirgi kwastam za su buga hatimi, kuma suna iya cewa ki nuna kayan, saboda haka ki je wurinsu kafin akwati ya wuce. Sunanki za a rubuta, ba na maigida ba, shi mazauni ne.

Filaya da abin yanka waya su shiga babban akwati, in suna jakar hannu ana iya karɓewa. Rokajl ki ninka musu leda biyu ki cusa cikin safa. Leda ɗaya ta taɓa fashe mini, har yau ina tsintar kore a cikin takalmina. Hurarrun kuma a robar abinci mai murfi, da auduga, a jakar hannu, kuma kada ki bari a danna ta a ma'ajiyar sama. Rasit duka ki riƙe saboda kwastam ɗin gida.

Hajiya Mai Jigida:

Abu ɗaya ya rage da ba wanda ya faɗa. Kin sauka 21 ga wata, gajiyar hanya kwana biyu, saura mako uku ki yi taurari 60, ga 'yan biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da kike zaune maigida yana makaranta, sayi waya mai kaurin milimita 0.8 ki lanƙwasa ƙasusuwan taurarin duka, ki ɗaure su a fale-fale kamar faifai. Da siririya 0.3 za ki yi jeren. In kin iso gida jere kawai ya rage. Kuma ki tuna azumi na tafe bayan Kirsimeti ba da nisa ba, ki ƙara kore da ruwan azurfa saboda jinjirin wata.

Maman 'Yan Biyu:

Na dawo da rahoto. Talata mun je Jablonec, na yi awa uku a gidan tarihin har maigida ya gaji ya fita shan shayi. Na sayi rokajl kilo 2 da rabi, ja da kore da shuɗi da na azurfa, da masu kusurwa na milimita 4 da 6. Ruwan hodar da na ƙyalla ido a kai ta faɗi jarrabawar Hajiya, audugar har ta rine, na bar ta. Takardar haraji tana hannuna, Malam na gode. Asabar za mu Poniklá, fakiti uku kawai zan ɗauka, Anti na yi alkawari. Yaya kuma sauran kuɗin na nan, in Allah ya kai mu ina son ki aiko mini da na Krobo ƙanana in gwada ƙararrawar ƙofa da su.

Ƙasusuwa 22 na lanƙwasa zuwa daren jiya, babban yatsana ya yi kanta. Amarya, na sa miki giram 200, ja zalla. Ruwan zinaren ki nema a Terminus.