Ina neman Hausar birdwatching kafin ranar Laraba

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum malamaina. Laraba zan naɗi shiri a kan wasu ɗalibai da ke sammako zuwa bakin dam ɗin Kubanni a Samarun Zariya. Suna laɓewa da madubin hangen nesa, suna rubuta irin tsuntsayen da suka gani da adadinsu. Ba sa harbi, ba sa ɗana tarko. Na rubuta "kallon tsuntsaye" amma bai kwanta mini ba. Sannan ina buƙatar sunan tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris.

'Yar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Na biyun mai sauƙi ne, Yaya: 'yan ci-rani. Su zo bayan damina, su ci abinci a fadamunmu, su koma gida su yi ƙwai. Ai shi ne cin rani.

Malam na Kongo: Wannan ya yi, Allah Ya yi miki albarka. Amma "kallo" ban yarda da shi ba. Kallo na dambe ne da hawan sallah. Mutumin da ya yi awa 3 cikin hazon hunturu yana bambance zalɓe da balbela, yana ƙirga kirinjijiya, aiki yake yi. Ni "kiwon ido" nake koya wa ɗalibaina. Makiyayi yana lura da dabba ba tare da ya cutar da ita ba.

Bakano a Sabon Gari: Malam, a yi mini afuwa, duk wanda ya ji "kiwon ido" asibitin ido zai tuna. Me ya hana "fakon tsuntsaye"?

'Yar Tudun Wada: Fako na maharbi ne. Yaran da ke yawo da danƙo za su ɗauka an ba su izini.

Malam na Kongo: "Duban tsuntsaye" ma kada wani ya kawo, ya yi kama da aikin 'yan duba. Abin da ke ci mini rai shi ne kullum sai mu ɗauko ginin Turanci mu sa masa hula. Kakanninmu sun san idan shamuwa ta iso damina ta ƙarato, ba Bature ya koya musu ba.

Bakano a Sabon Gari: Gaskiya ne, amma daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, kuma mu "kallo" za mu ce.

Malam na Kongo: Kamfanin Gaskiya da ya buga littattafan da ka koyi daidaitacciyar da su, a wane gari yake? Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka fara ta, a 1939.

Mai Shirin Rediyo: Don Allah malamai, lokaci na ƙure mini. Abin ya shafi dausayin Haɗeja da Nguru ma, inda ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, ina so manomi ya gane daga jin farko.

'Yar Tudun Wada: To ka raba biyu, Yaya. Mai zuwa don sha'awa, kallon tsuntsaye. Mai littafi da biro, ƙidayar tsuntsaye.

Malam na Kongo: Ƙidaya na karɓa. Kallon kuwa ka faɗa tunda ka matsu, amma ka ambaci "kiwon ido" ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Rediyo: Zan ambata, Malam, in sha Allahu. Na gode ƙwarai.