Wayifai ya ɓace bayan abdet ɗin kanel, a taimaka

Ɗan Zariya: Salam ƴan uwa. Jiya da daddare na yi abdet a Ubuntu 22.04, yana tsaka da yi aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuma ya daɗe da mutuwa, sai ta mutu ɗif. Da safe na kunna ta tashi lafiya lau amma alamar wayifai ta ɓace kwata-kwata, ko a setin babu, kamar ba a taɓa yin sa ba. Ga firojet zan miƙa ran Litinin wlh. In goge in sake sakawa ne?

Baban Yara: Kar ka goge komai malam. Kashe ka kunna, ka riƙa danna Esc ko ka riƙe Shift har GRUB, allon zaɓin abin da za a kunna, ya fito, shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel, wato zuciyar Ubuntu da ke magana da kayan cikin laftof. In wayifai ya dawo to mun san inda gizo ke saƙar.

Ɗan Zariya: Ikon Allah, ya dawo a kanel 6.5. A 6.8 ne babu.

Hajiyar Koding: To turo mana abin da lspci -nnk ya nuna a layin Network, da kuma dkms status

Ɗan Zariya: BCM43142, 14e4:4365. dkms kuma ya nuna bcmwl installed amma a 6.5 kaɗai.

Hajiyar Koding: Yauwa, shi ke nan. Wannan katin wayifai na Broadcom ne, direbansa wl ne (shi ne bcmwl ɗin), ba ya cikin kanel, duk sanda aka sa sabon kanel sai dkms, mai gina direbobin da ba sa cikin kanel, ya sake gina shi, kuma ba zai ginu ba in babu linux-headers na wannan kanel ɗin, to kai wuta ta yanke maka kafin a kai nan. Fara da sudo dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da ya bari a rataye, sannan sudo apt install linux-headers-$(uname -r), sai ka yi reinstall na bcmwl-kernel-source.

Baban Yara: Hajiya a yi hattara, yanzu fa a 6.5 yake, uname -r zai kawo masa na tsohon ne ya yi aikin banza. Ɗan Zariya ka koma 6.8, ka haɗa wayarka da kebul ka kunna USB tethering, shi ba ruwansa da katin wayifai, daga nan ka bi abin da ta faɗa.

Hajiyar Koding: Gaskiyarka Baba, na sha'afa.

Mai Gyara: Ni dai shawarata daban. Na gaji da wannan rigimar a tawa, duk abdet sai gabana ya faɗi, na cire katin na sa Intel 7260 na hannu, sukurori biyu ne da wayoyin eriya. Direbansa iwlwifi yana cikin kanel, tun ranar ban sake tunawa da dkms ba. Amma ka duba ramin naka tukuna, mini PCIe ne ko M.2, kuma wasu tsofaffin laftof BIOS ɗinsu ba ya karɓar baƙon kati.

Ɗan Zariya: Oga kuɗin data ma da ƙyar 😂 ɗan dongul fa?

Mai Gyara: In za ka saya ka karanta bayan kwali. TL-WN722N v1 Atheros ne, kana sokawa ya kama, amma v2 da v3 Realtek ne, jiki ɗaya suna ɗaya, direba daban.

Ɗan Zariya: Na yi, ya ginu, dkms ya ce installed a 6.8. Amma modprobe wl na cewa Key was rejected by service

Hajiyar Koding: Secure Boot ne wannan, tsaron da ke ƙin direban da bai yarda da sa hannunsa ba. mokutil --sb-state zai tabbatar maka. Ko ka kashe shi a BIOS, ko ka yi rajistar makullin MOK don ya yarda da direban, a wannan shuɗin allon da ke fitowa in ka kunna, mutane na tsallake shi don tsoro. In kana da Windows a gefe mai BitLocker, abin kulle diski, ka ajiye makullinsa kafin ka taɓa.

Ɗan Zariya: Ba ni da Windows, na kashe shi kawai. Alhamdulillah ya kama wayifan maƙwabta ma har uku. Allah ya saka da alheri. Tsohon kanel ɗin in cire shi?

Baban Yara: Bar shi tukuna, kar ka yi autoremove sai bayan Litinin.