"Awon siffa": sunan da nake ganin ya dace da "3D scanning"

1/
Assalamu alaikum jama'a. Mako guda ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat, yau dai ina ganin na samu matsaya. Abin da Turawa ke kira "3D scanning" nake nema wa suna: a ɗauko tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa, da duk wani lungu da tudu da ke jikinsa, a shigar cikin kwamfuta, domin a zana wani abin da zai dace da shi, a fitar da injin nan mai gina kaya da narkakkiyar roba.

2/
Ga abin da ya jawo maganar. Maɓallin murhun gas na Hajiyarmu ya tsage, murhun kuma tsoho ne, an zaga kasuwa ba a samu irinsa ba. Da filaya take kunna wuta, abin yana damuna. Sai na zare ɗaya daga cikin masu lafiyar, na ɗora kan kujera a inuwa, na yi ta zagaya shi da waya ina ɗaukar hoto, wajen sittin. Manhaja ta harhaɗa hotunan, ya fito a allo kamar ka sa hannu ka ɗauka, har da ɗan maiƙon da ya bushe a gefensa. Aka buga shi da injin roban nan, aka kawo gida, ya ƙi shiga.

Ramin da ke ƙasan maɓallin, inda ƙarfen murhu yake shiga, ba da'ira cikakkiya ba ne. Gefe ɗaya a miƙe yake kamar harafin D, kuma idon kyamara bai leƙa ciki ba, sai manhajar ta cike gurbin da kintace. Sai da na aro ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, irin na masu gyaran inji, na auna: milimita 6. Na ƙara 0.2 domin ramin da aka buga yakan fito a ɗan tsuke. Sannan ya zauna daram.

3/
Tun ranar na daina yarda da duk sunan da ya jingina da "hoto". Wani ya ba ni "hoto mai fuska uku". Hoto na ido ne, ana kallo a yaba. Shi wannan aikin, kyan gani ba ya fisshe ka, sai abu ya shiga inda aka yi shi domin ya shiga. Kuma hoto bai san girma ba. Manhajar da ke aiki da hotuna zalla ba ta iya tantance ko maɓalli ne a gabanta ko rumbu, shi ya sa ake ajiye rula kusa da abin kafin a fara ɗauka.

4/
"Sikanin" fa? Ba na ƙin kalmar aro, ai da ita muke cewa kwamfuta da intanet. Amma wannan tana da masu ita. Ka ce za ka je sikanin, a ɗauka asibiti za ka raka iyali, ko shagon kwafin takardu. Ba ta kuma ɗauke wanda ya yi aikin da hannu ba tare da na'ura ba.

5/
Wadda ta fi kwanta mini a rai da farko ita ce "ɗaukar zubi", kuma har yanzu ina jin zafin rabuwa da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga ainihin wannan aikin da idonsa. Za su kawo tukunya mai lafiya, su kife ta cikin akwati, su zuba ƙasa mai danshi su daddanna har ta kama jikinta ciki da waje. Su raba akwatin a hankali, su zare tukunyar, sai ga gurbinta ya rage a cikin ƙasa, har da kunnuwanta da rubutun da ke jiki. A nan ake kwarara narkakken ƙarfe. Ƙasar nan ta ɗauki siffar tukunya kamar yadda na'ura ke yi, bambancin kawai ba a cikin kwamfuta ta ajiye ba. Ga shi kuma muna cewa "zubinsu ɗaya" idan abubuwa biyu sun yi kama.

Da na gwada kalmar a gida, ƙanwata ta ce, "Yaya, ɗaukar wa? Wannan watan ba naka ba ne." Gaskiyarta. Zubi da ɗauka in suka haɗu a jimla ɗaya, kunnen Bahaushe adashi yake ji.

6/
"Ɗaukar ƙira" ta yi daɗi a baki, tunda muna cewa ƙirar jiki, mota ƙirar kaza. Amma yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a waya, za ta koma "daukar kira", wato amsa waya. "Ɗaukar sura" kuwa ta makarantar allo ce, a bar ta can.

7/
Don haka na tsaya a kan AWON SIFFA. Aikatau ɗinsa: auna siffa. Na'urar: ma'aunin siffa.

Tela na tuna. Ba hotonka yake ɗauka ba, tef yake zagaya maka a wuya da ƙirji da hannu, ya rubuta a littafi, domin riga ta zauna a jikinka kai kaɗai. Manufar ke nan a nan ma. Kuma kalmar tana da faɗin da za ta ɗauke hanyoyin duka.

Akwai awon siffa da hoto, irin wanda na yi. Waya ta isa, da manhaja kamar Polycam, ko Meshroom wadda kyauta ce a kwamfuta. Sharaɗinsa kowane hoto ya haɗa iyaka da na bayansa sosai, fiye da rabi, domin manhajar tana bin tabo ɗaya ne daga hoto zuwa hoto tana lissafa inda yake. Abu mai sheƙi ko gilashi yana rikita ta, saboda ƙyallin yana bin ka duk inda ka juya. Maganinsa a barbaɗa masa hoda ya dusashe.

Akwai awon siffa da haske. Wata na'urar tana haska zane ko ɗigo-ɗigo a jikin abu, ta duba yadda suka karkace a kan tudu da kwari. Haka Kinect na farko, na'urar wasan bidiyo da Microsoft ya fitar a 2010, ya yi aiki, haka kuma iPhone X na 2017 yake gane fuskar mai shi da ɗigon haske fiye da 30,000 waɗanda ido ba ya gani. Wata kuma tana harba haske ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, shi ne LiDAR da aka sa a iPhone 12 Pro a 2020. Wannan na ɗaki ne da kujeru, yana kai wajen mita 5, kada a dogara da shi a kan ƙaramin abu mai haƙora.

Sai awon siffa da hannu: ma'auni, rula, danna abu cikin laka, ko kifa shi a kan gilashin injin kwafi tare da rula idan shimfiɗaɗɗe ne. Wanda likitan haƙori ya taɓa sa shi ya ciji wani abu mai laushi kafin a yi masa haƙorin roba, an auna siffar bakinsa ke nan. A kayan gyara ƙanana wannan hanyar ta fi ba ni gaskiya.

8/
Cocin Notre-Dame da ke Faris ya yi gobara a watan Afrilun 2019. Shekaru kafin nan wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya bi ginin da na'urar haske ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya, kuskurensu bai wuce milimita 5 ba. Hotunan cocin ba su ƙirguwa a duniya, amma aikin Tallon ya yi daraja bayan gobarar domin awo ne. Milimita 5 a coci ba komai ba ce. A maɓallin Hajiya kuwa kusan faɗin ramin ke nan gaba ɗaya. Kalmar "awo" tana sa mutum ya tambayi na'ura tambayar da ta dace: kuskurenki nawa ne?

9/
Kalmomi biyu da suke biye da ita. Abin da na'ura ke fara fitarwa ɗigo ne birjik, kowanne da matsayinsa, na kira shi "tarin ɗigo". Idan manhaja ta haɗa su da ƙananan kusurwa-uku suka zama fata, "raga" ke nan, don da ragar masunta ya yi kama. Ita ce ake ajiyewa a fayil ɗin STL, irin fayil ɗin siffa da ake buga kaya da shi, wanda ake amfani da shi tun 1987.

10/
Wata baiwar Allah ta ce "awo" ma ai da masu shi: awon ciki, awon hatsi. Haka ne Hajiya, amma kin ga kowanne da abin da ya biyo bayansa ake gane shi, to "siffa" ita ma za ta yi wannan aikin.

11/
Jiya na je wurin mai gyara mana janareta, dattijo ne, bai taɓa ganin injin buga roba ba. Murfin tankin wani inji ya fashe, ya ɗaure shi da leda da roba. Na ce, "Baba, ba ni shi in auna siffarsa, a yi maka sabo." Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya goge shi da tsumma ya miƙo mini, ya ce in kula da zaren ciki, nan ne yake kamawa.