Neman kalma: me za mu kira "sessions judge" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta taƙaitaccen tarihin wani alƙalin Indiya mai suna M. L. Tahaliyani, sai wata kalma ta tsaya mini, na rasa yadda zan yi da ita: "sessions judge". A wannan mataki yake lokacin da aka ɗora masa shari'ar Ajmal Kasab, mutum ɗaya tilo da aka kama da rai cikin 'yan bindiga goma da suka afka wa birnin Mumbai ranar 26 ga Nuwamba, 2008, suka kashe mutum 166. Na ga masu rubuta "alƙalin zama". Ni dai ba ta kwanta mini ba. Wane alƙali ne ba ya zama? Bahaushen da ya karanta haka bai ƙaru da komai ba.

Ga inda kalmar ta samo asali. A Ingila ta da, akwai kotunan da ba kullum suke aiki ba, sai lokaci-lokaci, wasu sau huɗu a shekara, shi ya sa aka riƙa kiransu da sunan zaman da suke yi, wato "sessions". Turawa suka kai sunan Indiya, ya zauna. Yau kotun tana aiki kullum, sunan kawai ya rage. To idan muka bi sunan muka fassara, mun ɗauko ɓawo mun bar ƙwaya.

Abin da ya kamata mu duba shi ne aikin mutumin, kuma rayuwar Tahaliyani ta nuna shi daki-daki. Ya fara da majistare a Mumbai a 1987. A dokar da ake bi a lokacin, majistare irinsa ba ya ɗaure mutum fiye da shekara 3, shugaban majistarori kuma iyakarsa shekara 7. Da zarar laifi ya kai kisan kai ko yaƙar ƙasa, majistare sai ya miƙa shi sama. Wannan kotun da ake miƙa wa, ita muke nema wa suna, kuma can Tahaliyani ya koma daga baya. Tana da ikon yanke kowane hukunci da doka ta tanada, har na kisa, sai dai ba a rataye kowa sai Babbar Kotun jiha ta duba ta tabbatar.

Wani ɗan uwa ya ce, "Malam, me zai hana mu ce alƙalin babbar kotu kawai? Ai a Najeriya ita ke shari'ar kisan kai." Gaskiyarka game da Najeriya, ɗan uwa, amma a Indiya zai rikita mu. Shi kansa Tahaliyani sai a 2011 aka ɗaga shi zuwa Babbar Kotun Bombay. Idan muka riga muka kira shi alƙalin babbar kotu tun kafin nan, da wace kalma za mu ba da labarin ƙarin girman? Kuma ita wannan Babbar Kotun ce ta tabbatar da hukuncin da ya yanke wa Kasab a watan Fabrairun 2011, kafin Kotun Ƙoli ta yi nata a watan Agustan 2012. Hawa uku ne, dole kowanne da sunansa.

Wani dattijo ya tuna mana da "joji". Baba, Allah ya ƙara girma, kalma ce tamu tun zamanin Turawa, amma ta yi faɗi da yawa, kuma kunnen mutane ya fi sabawa da "babban joji", wanda shi shugaban alƙalai ne. Ba ta nuna irin shari'ar da mutum yake yi.

Shawarar da ta fi ɗaukar hankalina, kuma wadda na fi ƙi, ita ce "alƙalin kisa". Na fahimci dalili: shi ne alƙali na farko da ke iya furta hukuncin rataya. Amma ku dubi yadda shari'ar nan ta gudana. An fara ta a watan Afrilun 2009, a wata kotu da aka shirya cikin kurkukun Arthur Road saboda tsaro, a lokacin da gari ke tafasa, lauyoyi da yawa sun ƙi karɓar aikin kare Kasab. Tahaliyani ya tsaya a kan sai an ba shi lauya. Lauya ta farko da aka naɗa, Anjali Waghmare, ya cire ta da ya gano tana wakiltar ɗaya daga cikin waɗanda harin ya shafa, aka kawo Abbas Kazmi. Da Kasab ya ce shi yaro ne bai kai shekara 18 ba, alƙalin bai yi watsi da maganar ba, likitoci ya sa suka auna, suka tabbatar ya wuce haka. A watan Yulin 2009 Kasab ya miƙe a kotu ya amsa laifi da bakinsa. Da wani ne, da nan ya rufe magana. Shi kuwa ya sa aka rubuta, ya ce a ci gaba da sauraron shaidu, waɗanda suka haura 600. Kuma hakan ya yi rana, don daga baya Kasab ya janye abin da ya faɗa.

Sannan ranar 3 ga Mayu, 2010, ranar da ya sami Kasab da laifi, a ranar ce ya wanke wasu Indiyawa biyu, Fahim Ansari da Sabauddin Ahmed, da aka zarga da zana wa maharan taswirar gari. Ya ce hujjar da aka kawo ba ta gamsar ba. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kotunan sama duka biyu suka bar wankewar yadda take. Tun kafin nan ma, a 2002, a shari'ar kisan Gulshan Kumar, mai kamfanin kaset-kaset na T-Series, mutum ɗaya ya ɗaure rai da rai, ya sallami sauran. Mutumin da ya yi wannan, ba zan iya kiransa alƙalin kisa ba. Sunan muƙami ya kamata ya faɗi irin ƙarar da ake kawo masa, kada ya riga shi yanke hukunci.

Don haka ni na tsaya a kan "alƙalin manyan laifuka", kotun kuma "kotun manyan laifuka". Ba baƙuwar magana ba ce, kullum muna jin ta a rediyo idan ana batun kotun duniya da ke Hague. Wata 'yar uwa ta ce tana tsoron a haɗa su. Hajiya, maganarki abin dubawa ce, kuma maganinta mai sauƙi: a karon farko a rubuta "kotun manyan laifuka ta gunduma", ko a ambaci garin, "ta Mumbai". A Indiya ma sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da kujera biyu a gunduma, idan rigimar fili ko bashi ce a kira shi alƙalin gunduma, idan ta jini ce a kira shi da wannan sunan da muke nema.

Abu ɗaya nake roƙon masu fassara su kiyaye. Idan kun ga an sa "additional" a gaban muƙamin, kada ku ce mataimaki. Ikonsa na hukunci daidai yake da na shugaban kotun, yawan ƙararraki ne ya sa aka ƙara kujeru. "Ɗaya daga cikin alƙalan manyan laifuka" ya isa.

Masu karatun lauya a Kano da Zariya za su ga tsarin nan bai yi musu nisa ba, tunda dokar Final Kod ta Arewa an ɗauko ta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. In akwai wanda ya taɓa ganin wata kalma a tsofaffin fassarorin dokokin Arewa da ta fi tawa dacewa, don Allah ya kawo, zan karɓa hannu bibbiyu.

Ga yadda jimlar ta fito a rubutuna yanzu: ranar 6 ga Mayu, 2010, alƙalin manyan laifuka M. L. Tahaliyani ya yanke wa Ajmal Kasab hukuncin kisa, aka kuma rataye shi a kurkukun Yerawada da ke Pune ranar 21 ga Nuwamba, 2012.

Saura muƙaminsa na 2015, "Lokayukta" na jihar Maharashtra, wato mai binciken ƙorafin jama'a a kan ma'aikatan gwamnati. Ina tsakanin "mai karɓar koken jama'a" da "mai bin kadin talakawa". Wanne kuka ga ya fi?